Neman shawara kan haɗa jel na tsirrai domin masu fama da kirci

Ɗalibar harhaɗa magunguna:
Assalamu alaikum. Ina shekarar ƙarshe, kuma aikin binciken da na zaɓa shi ne haɗa jel daga tsirrai domin kirci, wato ciwon fatar da likitoci ke kira ekzima. Ƙanena ne ya sa na ɗauki wannan batu, domin duk hunturu bayan gwiwarsa da lanƙwasar hannunsa kan bushe su tsattsage, ya kwana yana susa. Na tatso ganyen darbejiya da sinadarin etanol, na haɗa da Carbopol, wato garin da ke sa ruwa ya yi kauri ya zama jel, jel ɗin ya yi kyau a ido, amma da na shafa a hannuna sai wurin ya ƙara bushewa. Ina kuskuren yake?

Tsohon mai harhaɗa magunguna:
Wa alaikumus salam, 'yata. Kafin ki zargi ganyen, ki duba abin da ya ɗauko shi. Fatar mai kirci ba ta riƙe ruwa, domin shingen da ke samanta ya raunana, har ma a 2006 aka gano cewa tangarɗa a ƙwayar halittar filagirin, wato furotin da ke taimakawa wajen gina wannan shinge, na cikin manyan dalilan haka. Jel kuwa kusan duk ruwa ne, idan ya ƙafe ba ya barin maiƙon da zai rufe fata, ga shi kuma ragowar etanol na kwashe ɗan maiƙon da ke akwai. Ki tabbatar etanol ɗin ya fita gaba ɗaya, sannan ki sanya maiƙo a cikin haɗin. Man kaɗanya na kusa da mu, man furen rana ma ya dace, amma ki guji man zaitun, domin wani bincike da aka yi a Jami'ar Sheffield ta Ingila a 2013 ya nuna cewa yana raunana shingen fata, alhali man furen rana bai yi haka ba. Ki kuma auna tsamin haɗin ya tsaya kusa da 5.5 a ma'aunin tsami na pH, daidai da na fata. A ganina darbejiya ba ta da hujja mai ƙarfi a kan kirci. Saiwar likoris, wani tsiro mai zaƙin saiwa, ta fi ta, tunda an gwada jel ɗinta na kashi 1 da kashi 2 cikin 100 a Iran a 2003, kuma na kashi 2 ya fi rage ƙaiƙayi da kumburi cikin mako biyu.

Ma'aikaciyar jinya:
'Yar uwa, don Allah kada ki gwada a jikin yaron kafin kwamitin ɗa'ar bincike na makarantarku ya amince. Tsattsagaggiyar fata ƙofa ce ga ƙwayoyin cuta, kuma jel na tsirrai da ba a sa masa sinadarin hana lalacewa ba yakan yi fumfuna cikin kwanaki a irin zafinmu. Sannan ki fayyace cutar da kike nufi a rubutunki, domin a Najeriya mutane da yawa kyasbi suke kira ekzima, alhali shi naman gwari ke kawo shi, maganinsa daban ne.

Ɗalibar harhaɗa magunguna:
Allah ya saka da alheri, Baba da Anti. Zan sake haɗin da man kaɗanya, in ajiye kwalba ɗaya a firji, ɗaya a ɗaki, in ga ko maiƙon zai rabu da ruwan. Ƙanen nawa kuma asibitin fata za mu kai shi ranar Litinin in Allah ya yarda.