Haƙori ya fita da tushensa, asibiti da nisa: ina mafita?

Likitocin haƙori, a taimaka mana. Yaro ɗan shekara 11 a ƙauyenmu, wajen Ringim, ya faɗo daga kan amalanke, haƙorinsa na gaba na sama ya fito gaba ɗaya, ba na nono ba ne. An riƙe shi ta kai, ba a taɓa tushen ba, an ɗauraye, an jefa cikin madarar shanu. Jini ya tsaya bayan an danna auduga minti 10.

Matsalar ita ce yaron ya ƙi bari a mayar da shi cikin ramin, kuma ramin ya cika da gudajin jini. Asibiti tafiyar awa biyu ce. Madarar za ta riƙe tushen har lokacin? Ko a daure a mayar yanzu, ya ciji tsumma mai tsabta?