Abin Da Makanikai Suka Ce Kan A-kori-kurar Da Ke Ƙin Tashi Jefi-jefi

Makanikan da suka tattauna matsalar Hilux mai amfani da dizal, wadda yau ta tashi gobe ta ƙi, sun yi ittifaƙi cewa a fara kasa kunne kafin a taɓa sifana. Idan an murɗa makulli aka ji "ƙas" kawai, inji bai juya ba, to laifin na lantarki ne: a kankare farin garin da ke taruwa a kan batir, a ɗaure wayar da ta haɗa shi da bodi, sannan a auna, domin cikakken batir yana nuna kusan bolt 12.6. In duk wannan lafiya, galibi tagullar cikin kik, wato na'urar da ke juya inji ya tashi, ce ta cinye.

Idan kuwa injin yana juyawa amma bai kama ba, an fi zargin iska a layin mai, musamman bayan motar ta kwana. A danna famfon hannu da ke saman filta har ya yi tauri. In ta tashi nan take, akwai tiyon da ke zuƙar iska. A kuma tsiyaye ruwan da ke ƙasan filtar. Ƙin tashi da sanyin asubar hunturu kuma yakan nuna hita, wato abin da ke ɗumama cikin inji kafin ya tashi, ta mutu.

A ganina, shawarar da ta fi nauyi ita ce kada a kwance nozul (mai fesa dizal cikin inji) ko babban famfon mai, masu tsada, sai an jona kwamfuta an karanta matsalar.