Mu sama wa wannan aiki suna: sa ido, bibiya, ko awon muhalli?

Assalamu alaikum 'yan uwa masu fassara da ma'aikatan rediyo. Ina neman kalmar Hausa ga abin da Turawa ke kira "community monitoring" a harkar haƙar ma'adinai da man fetur. Wato mutanen gari da kansu su riƙa gwada ruwan rijiyarsu da ƙasar tsakar gidansu a kai a kai, suna rubutawa, don su san ko haƙar da ake yi a kusa tana cutar da su.

Abin da muka saba faɗa shi ne "sa ido", kamar masu sa ido a zaɓe. Ni dai bai kwanta mini ba a nan. A bakin jama'a ɗan sa ido shi ne mai shiga sharo ba shanu, kuma ba na son a laƙaba wa mai kare 'ya'yansa wannan suna. Babban dalilina kuwa shi ne, abin da ke kashe mutane a wuraren nan ido ba ya ganinsa.

Ku tuna Zamfara a 2010. A ƙauyuka irin su Dareta, Abare da Yargalma, cikin ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, ana kawo dutsen zinariya har cikin gida, a daka a turmi, a niƙa a inji, a shanya a tsakar gida inda yaro ke rarrafe yana kai hannu baki. Ƙurar cike take da dalma. Yara fiye da 400 suka rasu. Kafin likitocin ƙungiyar agaji ta MSF su gano musabbabin, mutanen gari sun riga sun lura agwagi suna ƙarewa. Sun ga alamar, amma ba na'ura, ba littafin rubutawa, ba wanda za a kai wa labari ya ɗauke shi da muhimmanci. Bagega, wani ƙauyen na Anka, sai a 2013 aka kwashe gurɓatacciyar ƙasarta. A 2015 kuma abin ya sake ɓulla a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja, yara 28 suka mutu.

Wani malaminmu ya turo mini "duba-gari". Malam, Allah ya ƙara basira, kalma ce tamu tsohuwa. Sai dai duba-gari ma'aikacin hukuma ne da ke shigowa gida ya leƙa randa ya ci tara. Jama'a tsoronsa suke ji, alhali a nan su ne masu aikin.

"Bibiya" ta fi kusa, don tana ɗauke da maimaici. Abin da ta rasa shi ne ma'auni.

Sai wata ungozoma ta rubuto ta ce, "Yaya, ai mu awo muke cewa." Nan na tsaya. Mace mai ciki tana zuwa awo, ba sau ɗaya ba. A ɗora ta a sikeli, a gwada jininta, a rubuta a kati, ta koma gida da katinta a jaka. Wata mai zuwa a kwatanta da na baya. Ba sai ta kwanta ciwo take zuwa ba, don a tari matsala tun da wuri take zuwa. Duk abin da nake nema yana cikin wannan kalma, har da cewa katin yana hannun mai shi.

Don haka shawarata: awon muhalli. Idan jama'ar wurin ne ke yi, awon muhalli na 'yan gari. Masu aikin kuma 'yan awo. Na guji "awon ƙasa" da gangan, don za a ɗauka aikin safiyo ne na yanka filaye.

'Yan uwanmu na Nijar sun riga mu ganin amfanin aikin. A Arlit, inda ake haƙar yuraniyom tun 1971, ƙungiyar 'yan gari ta Aghirin'man ta haɗa hannu da ɗakin binciken CRIIRAD na Faransa tun 2003, aka auna, aka tarar har tsofaffin ƙarafan ma'adinai da ake sayarwa a kasuwa suna fitar da tururin guba. Zan so in ji wace kalma gidajen rediyon Agadas da Damagaram ke amfani da ita.

Ina gaggawar wannan magana ne saboda Kolmani, a iyakar Bauchi da Gombe, inda aka ƙaddamar da haƙar mai a Nuwamban 2022. Idan ba a auna rijiyoyin ƙauyukan ƙaramar hukumar Alkaleri da ke yankin tun yanzu an ajiye a rubuce ba, ran da ruwa ya canja ɗanɗano ba su da abin kwatantawa.

Abu ɗaya ya rage mini: kalmar "muhalli" ta rediyo ce, kakata ba ta amfani da ita. Dattawan Anka da Maru, in aka ce muku "awon ruwa da turɓaya", ya fi shiga kunne?