Wace kalmar Hausa za mu ba "adbokasi"?

Jama'a, ku taya ni duba wannan. Ƙanwata ta samu aiki a wata ƙungiya mai zaman kanta da ke kula da yara marasa gata, ita ce shugabar sashen da suke kira adbokasi da Turanci. Hajiyarmu ta tambaye ta aikin me take yi, ta yi ta kame-kame, daga ƙarshe ta ce "taimakon yara muke yi". Hajiya ta sa albarka, amma ta ɗauka shinkafa da sabulu ake rabawa. Abin ya tsaya min a rai, don ba shi ne aikin ba.

Ga aikin a idona. A 1967 wata lauya baƙar fata a Amurka, Marian Wright, ta kai Sanata Robert Kennedy gidajen talakawan jihar Misisipi, ya ga yara masu kwana da yunwa da idonsa. Ba abinci ta kai musu ba, mai iko ta jawo har bakin ƙofarsu. A 1973 ta kafa asusun kare yara, ta shugabance shi shekaru fiye da 40 tana bin 'yan majalisa kan dokoki da kasafin kuɗi. Kalmar da za mu zaɓa dole ta iya ɗaukar wannan nauyin.

Wani malamina ya ce "wayar da kai". Allah gafarta Malam, wayar da kai jama'a ake yi wa, kamar yadda ake bin gida-gida kan rigakafin shan inna. Wannan kuwa fuskarsa tana kallon gwamna da kwamishina ne.

"Kamun ƙafa" ma an kawo. Akwai shi a ciki, ban musa ba, ana zuwa fadar sarki da ofishin ɗan majalisa. Sai dai mai kamun ƙafa alfarma yake nema, in an hana shi ba a zalunce shi ba.

"Fafutuka" ita ce gidajen rediyo suka saba, kuma ina son ta. Amma ta yi faɗi, mai neman abincin rana ma fafutuka yake yi.

Ni dai na tsaya a kan "bin kadi". Bahaushe ba ya bin kadin abin da ba nasa ba ne. Sai an ci haƙƙi ko an zubar da jini ake tashi a bi kadi, kuma ɗan'uwa mai ƙarfi ne ke bi wa marar ƙarfi. Wata Anti ta ce ai bin kadi sai bayan an yi laifi, shi kuwa wannan aikin har da hana laifin aukuwa. Gaskiya ne, Anti, na daɗe ina juya maganarki. Amma duba: Najeriya ta amince da yarjejeniyar haƙƙin yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya a 1991, ta yi dokar haƙƙin yara a 2003, sannan dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ce karatun shekara 9 kyauta ne kuma tilas. Yarinyar da ke talla a tasha da ƙarfe 10 na safe an riga an ci mata abin da doka ta rubuta da sunanta. Bashinta ne ake bi mata.

Don haka: aikin shi ne bin kadin haƙƙin yara, mai yin sa shi ne mai bin kadin yara, ƙanwata kuma ita ce shugabar sashen bin kadi.

Jiya na gwada a wajen Hajiya, na ce mata bin kadin yara marasa gata ƙanwata take yi a wurin gwamnati. Ta ajiye carbinta ta ce, "To ai da haka ta faɗa tun farko. Me aka ci musu?"