Baƙi 30 za su sauka a gonarmu a tsakiyar zafi, ta ina zan fara?

Maman Yara: Assalamu alaikum 'yan uwa. Gidanmu a cikin gona yake. Muna da shanu 6, tumaki da awaki 20, kaji 100 masu ƙwai, rijiya ɗaya da tankin lita 2,000, sai kududdufi a ƙasan gona. Da an yi hutun makaranta dangi za su zo, mutum 30 har da yara 12, kwana huɗu, ranar ƙarshe kuma a yi taron cin abinci. Maganar wurin kwana na gama da ita. Ruwa, lalacewar abinci da yaran da ba su saba da gona ba, su ke hana ni barci. A taimaka da shawara.

Mai Gyaran Rijiya: Wa alaikumus salam Hajiya. Ki fara da lissafin ruwa, don shi ke fara ba mutum kunya. Ki ware wa kowane baƙo aƙalla lita 20 a rana, na sha da girki da wanka, lita 600 ke nan. Saniya a zafi ba ta kasa shan lita 50, shida sun kai 300 ko fiye. Ƙananan dabbobi ki ba su 120, kaji 30. An riga an haura lita 1,000, ba a ma sa mutanen gida da wanki ba. Tankinki ba zai kai kwana biyu ba.

Saura mako guda su zo, ki cika tanki a jawo ɗaya, ki zura igiya mai dutse ki auna inda ruwan rijiya ya sauka, ki ga awa nawa yake ɗauka kafin ya dawo. In yana jinkiri, a riƙa ja kaɗan-kaɗan safe da yamma, kada injin jawo ruwan ya shaƙi iska ya ƙone. Wanka da bokiti, lita 10 zuwa 15 ya isa mutum. Na sha kuma a tafasa shi ya yi minti ɗaya yana tafarfasa, a zuba a mazubi mai murfi da famfo, kada hannaye 30 su riƙa tsoma kofi ɗaya. Bandaki ɗaya na mutum 20 ne, ki tanadi biyu. In rami za a haƙa, ya yi nisan mita 30 da rijiya, ta gefen gangare.

Anti Mai Girki: 'Yar uwa, dafaffen abinci ba ya wuce awa biyu a waje, in zafi ya haura digiri 32 kuwa awa ɗaya ce. Kuskuren masu taro shi ne a girka komai da asuba a rufe a babbar tukunya har yamma. Tsakiyar tukunyar na daɗewa da ɗumi-ɗumi, tsakanin digiri 5 da 60, a nan ƙwayoyin cuta ke hayayyafa. Dafaffiyar shinkafa ta fi komai yaudara, don gubar da ke taruwa a cikinta ɗumame ba ya kashe ta, kuma ba lallai ki ji tsami ba. Ki raba girki kashi biyu, na rana da na dare. Abin da ya rage a baza shi a faranti mai faɗi ya huce da wuri, a sa a firij.

Kular sanyi biyu za ki tanada, ɗaya ta abin sha wadda yara za su wuni suna buɗewa, ɗaya ta nama wadda ke kaɗai ke taɓawa. In wuta ta ɗauke, firij da ba a buɗe ba na riƙe sanyi kamar awa huɗu, firiza cikakkiya kuma kwana biyu. Kaza a tsaga ta wajen cinya a duba, kada a ga ja kusa da ƙashi. Madarar da aka tatso a tafasa kafin kowa ya sha, komai roƙon baƙi cewa sun yi marmarin ta da ɗuminta.

Malamin Dabbobi: Ni ta dabbobin nake ji. Kada a canza musu lokacin ci da tatsa saboda baƙi, madara da ƙwai za su ragu. Ki sa lokaci ɗaya, bayan la'asar, a kai yara su gani ta bayan shinge da babba a tare da su. Saniya mai sabon ɗan maraƙi ba a kusantarta, ko da ke kin san ta da sanyin hali. Duk wanda ya taɓa dabba ya wanke hannu da sabulu na daƙiƙa 20, man shafawa na kashe cuta ba ya wadatarwa a nan. 'Yan tsaki ma ba a sumbatarsu. Mai juna biyu ta nisanci tunkiya ko akuya mai haihuwa. Ɗakin kaji a rufe shi gaba ɗaya, musamman ga baƙon da shi ma yake kiwo, don a tafin takalmi ake shigo da murar tsuntsaye.

Maman Yara: Na gode ƙwarai. Kududdufin fa? Ba halin kewaye shi yanzu. Na yi tunanin in ce wa kowa ya sa ido.

Kakan Yara: A'a 'yata, nan kam ban yarda ba. In aka ce kowa ya sa ido, ba mai sawa, kowa na zaton ɗan uwansa na kallo. Ki naɗa mutum ɗaya da sunansa, awa ɗaya, ba waya a hannunsa, ba ya tashi sai ya miƙa wa wani baki da baki. Yaro ba ya ihu in yana nutsewa, shiru ake ji. Kuma ba kududdufi kaɗai ba, mai rarrafe kan faɗa da ka cikin bokiti ko kwamin dabbobi ya kasa fitowa. A kife bokitai, a sa wa murfin rijiya kwaɗo. In kududdufin ya fi ƙarfin shinge, ki kewaye wurin wasan yaran da raga a inuwa kusa da gida, ya fi sauƙi.

Mai Tarakta: A cire makullin tarakta, a sauke garma ƙasa, kuma ba ɗaukar yaro a cinya. Maganin feshi a kulle shi, wanda aka juye a robar lemo a kawar da shi tun yau. Motocin baƙi kada su tsaya kan busasshiyar ciyawa, zafin salansa na tada wuta, kuma a kulle su kada yaro ya shige ya ɓuya. Janareta a waje, mita 6 daga taga.

Ma'aikaciyar Jinya: Ƙari kaɗan, Hajiya. Ki ajiye ORS, wato haɗin gishiri da sukari da ake ba mai gudawa ko wanda ruwan jikinsa ya ragu. In babu, lita ɗaya ta tafasasshen ruwa da ya huce, ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri, a shafe ba a tula ba. Wanda zafi ya buga har ya fara ruɗewa ko surutai, a kai shi inuwa, a jiƙa jikinsa da ruwa, a yi fifita, a wuce asibiti nan take. Don haka mota ɗaya ta kwana da mai a bakin ƙofa, kada a tare ta da sauran.