Manhajojin da ke shigowa kwamfuta ba a gayyace su ba

Ummi_Gwale:
Assalamu alaikum. Bayan saka wata manhajar buɗe PDF ta kyauta a Windows 10, shafin farko na Chrome ya sauya, ga wani riga-kafin bairos da ba wanda ya saka, talla kuma sai faɗowa take. Ta ina suka shigo, kuma wacce mutum zai sauke hankali kwance?

Malam_Sani:
Wa alaikumus salam. A cikin fayil ɗin sakawar suka zo. Ana biyan mai manhajar a kan kowace kwamfutar da ƙarin kayan ya shiga, shi ya sa yake cusa su a tsakiyar matakai. In kin ga "Express" ko "Recommended", ki tsallake, ki zaɓi "Custom", ki cire alamar duk akwatin da kika tarar an riga an cike. Inda aka fi kama mutane shi ne shafin da ya yi kama da yarjejeniyar lasisi, alhali tayin wata manhaja ce daban. Duba sunan da ke saman rubutun. In ba na abin da kike sakawa ba ne, danna "Decline", aikin zai ci gaba lafiya. Kuma ba ƙananan kamfanoni kaɗai ke yi ba: manhajar Java ta yi shekaru tana tafe da Ask Toolbar, wani layin bincike da ke maƙalewa a burauza, a 2015 kuma uTorrent, manhajar sauke fayiloli, ta zo da Epic Scale, mai haƙar kuɗin kirifto da kwamfutocin jama'a.

Bashir_Injiniya:
Malama, fara da share wanda ya riga ya shiga. Danna Windows da R, rubuta appwiz.cpl, jera manhajojin bisa ranar sakawa. Duk baƙon sunan da ya shigo rana ɗaya da mai PDF ɗin, cire shi. Sai ki buɗe chrome://extensions ki goge abin da ba ki sani ba. In shafin farkon ya sake dawowa, duba "Properties" na alamar Chrome da ke fuskar kwamfuta. Sukan liƙa adireshinsu bayan chrome.exe a layin "Target". Ki leƙa taskschd.msc ma (jadawalin ayyukan Windows, ta Windows da R ɗin nan), don wasu na barin umarnin da zai dawo da su bayan an kunna kwamfuta. Daga nan ki bi da AdwCleaner mai share manhajojin talla, kyauta ne.

Hajiya_Rabi:
Don PDF, SumatraPDF ta ishe ki, ba ta da nauyi. Bidiyo VLC daga videolan.org, buɗe zip da rar 7-Zip daga 7-zip.org, rubutu da lissafi LibreOffice, qBittorrent kuma a madadin uTorrent. Dukkansu lambar gininsu a buɗe take ga kowa. Rubuta adireshin da hannunki, kar ki danna tallar da ke saman sakamakon Google, can 'yan damfara ke kafa shafukan bogi. Mafi sauƙi ma, buɗe Command Prompt, tagar rubuta umarni ta Windows, ki rubuta winget install VideoLAN.VLC don saka VLC.

Malam_Sani:
Hajiya, da ɗan gyara. Buɗaɗɗiyar lamba ba ta hana a naɗe manhaja da tarkace. SourceForge, shafin sauke manhajoji, ya yi haka da shirinsa na DevShare daga 2013 zuwa 2016, har GIMP, manhajar gyaran hoto, ta kwashe kayanta daga can. FileZilla ma, manhajar tura fayiloli, babban maɓallin saukarwa na shafinta kan ba da mai tayin talla. Mai tsabtar yana ƙarƙashin "Show additional download options".