Dashenmu ya mutu: horo za mu ƙaro, ko wanda zai riƙe hannunmu za mu nema?

Ɗan Kangiwa ya rubuta:

Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Ni matashi ne daga Kangiwa, kuma bara ni da abokaina 8 muka kafa ƙungiyar dashen itatuwa, bayan mun halarci wani taron bita na kwana 2 a Birnin Kebbi inda aka yi mana bayani a kan sauyin yanayi da kwararowar hamada. Mun dawo da takardar shaida da zumuɗi, muka yi karo-karo muka sayi dashe 300 na turare da dogon yaro da mangwaro, muka dasa su a bayan makarantar firamare da gefen hanyar kasuwa a ƙarshen watan Satumba. Kafin bazara ta kama, 26 kaɗai suka rage. Awaki sun ci wasu, gara ta ci wasu, sauran kuwa a tsaye suka bushe. Ranar da muke dashen wani dattijo ya tsaya a kan jakinsa ya daɗe yana kallonmu, ya ce Allah ya ba da sa'a, ya kaɗa kai ya wuce, mu kuma muka ɗauka ba'a yake yi mana. Yanzu abokaina 4 sun janye jiki. Ku da kuka daɗe a wannan aiki, shin akwai wanda ya ɗora ku a hanya, kuma ta yaya ake samun irinsa? Ko kuwa wani kwas ɗin za mu nema a intanet?

Tsohon Malamin Daji, Argungu, ya amsa:

Wa alaikumus salam ɗana. Kafin ka nemi kowane kwas, ka nemi gidan dattijon nan mai jaki, ka je ka gaishe shi, domin abin da ya gani ya kaɗa kai shi ne darasin da ba a ba ku ba a ɗakin taro. Duk wanda ya dasa itace a ƙarshen Satumba a ƙasar Arewa ko Dandi, ya miƙa jariri ne ga rani tun bai iya zama ba. A nan ana dashe ne idan damina ta zauna, wajen watan Yuli, don saiwa ta sami makonnin ruwa ta nutsa kafin ƙasa ta ƙeƙashe, sannan a kewaye kowane dashe da ƙaya kafin a saki dabbobi bayan girbi.

Ni ma na yi irin asararka a shekarata ta farko. Maigidana a wurin aiki, Allah ya jiƙansa, bai yi mini faɗa ba. Ya miƙo mini fartanya ya ce in tono masa matattun guda 10. A 7 daga cikinsu ledar reno tana nan ba a yaga ta ba, saiwar ta nannaɗe a ciki kamar gammo, ba ta taɓa ƙasar wurin ba. Da gaya mini ya yi da baki, da na manta kafin wata damina, amma yau fiye da shekara 30 ke nan ban sake barin ma'aikaci ya rufe rami ban ga ledar a hannunsa ba. Shi ne kuma ya hana ni ƙidaya itace ranar dashe, ya ce sai wanda ya ƙetare rani 2 ake rubutawa a littafi. Tarayyar Afirka ta ƙaddamar da shirin Babbar Katangar Itatuwa na tare kwararowar hamada a 2007, Nijeriya ta kafa hukumarsa a 2015, kuma Kebbi tana cikin jihohi 11 da shirin ya shafa, amma babba ko ƙarami, kowane aikin dashe da wannan mudun ya kamata a auna shi.

Akwai kuma abin da nake zaton dattijon zai nuna maka, wato kututturan kalgo da sabara da aduwa da ke tohowa a gonaki ana sassabe su kowace shekara. A ƙasar Maraɗi, tun farkon shekarun 1980, wani ɗan Ostareliya mai suna Tony Rinaudo tare da manoman wurin suka yaɗa dabarar barin tsiro kaɗan masu ƙarfi a kan kututture a datse sauran, abin da mutanen Nijar ke kira sassaben zamani. Saiwar ta riga ta yi zurfi, ba ta jiran ban ruwa, ba a kuma sayen dashe. Zaɓen tsiron da za a bari kuwa ba ya koyuwa a takarda, sai ka tsaya kusa da mai yi.

Malama daga Jega ta amsa:

Ƙanena, ka yi haƙuri da asarar. Ni aikina a kan murhu mai tsimin itace ne, kuma wadda ta ɗora ni a hanya ba ta taɓa shiga aji ba. Na raba wa mata murhuna 20 a wata unguwa, bayan wata 1 na koma na tarar an mayar da rabinsu makwancin kaji. Babu wadda ta gaya mini dalili, saboda kunyar baƙo da ya kawo kyauta. Wata tsohuwa mai ginin tukwane ce ta kira ni ɗakinta, ta ɗora tukunyar tuwo ta ba ni muciya ta ce in tuƙa. Tuƙi 2 na yi tukunyar ta karkace. Tare muka sake gina bakin murhun da yumɓu daidai gindin tukunyarsu, ita ce kuma ta shiga gida-gida da ni, domin maganarta ake ji, ba tawa ba.

Ina kuma tambayarka, kun sanar da mai gari kafin ku dasa a gefen hanyar kasuwa? Wanda ya girme ka a wuri ya san ƙofar da ake fara ƙwanƙwasawa, ya kuma san cewa mai aron gona ba ya dasa itace ba da izini ba, don kada a ce yana neman mallake ta.

Ɗan Yauri ya amsa:

Ina girmama maganar Baba da ta Malama, amma bari in ɗan ja birki. Tun da kuɗi suka shigo harkar nan, musamman bayan Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 700 a 2021 don aikin farfaɗo da ƙasa a jihohin arewa 19 da Abuja, masu kiran kansu jagororin matasa sun yi yawa. Mu mun faɗa hannun wani da ya ɗauki hotunan gonar renonmu da sunayenmu ya sa a takardar neman tallafi, sai daga baya muka ji labari a bakin wani. Ubangidan da zai riƙa aiken ka daban, mai koya maka aiki daban. Ni ma'aunina shi ne ko mutum zai taka da ƙafarsa zuwa wurin aikinka, da ko zai haɗa ka da wasu mutane ba tare da shi a tsakani ba.

Na biyu, dattawa ma ba su san komai ba. Faɗuwar damina ta rikice, kuma ambaliyar 2020 ta shanye shinkafar manoman da suka shekara 40 suna karanta kogi. Kai kana da waya, kana iya samun hasashen damina da hukumar kula da yanayi ta Nijeriya, wato NiMet, ke fitarwa a farkon kowace shekara. Ka tafi wa dattijon nan mai jaki da shi, kada ka je hannu rabbana.

Ɗan Kangiwa ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Jiya bayan la'asar na sami gidan dattijon, na kai masa goro. Ya yi dariya ya ce ya jima yana jiran ɗayanmu. Ya kai ni gonarsa ya nuna mini gawo 5 da ya rena daga tsiro, ya ce geron da ke ƙarƙashinsu ya fi na ko'ina a gonar domin gawo yana kakkaɓe ganyensa da damina. Ya ce mu zo ranar Asabar bayan sallar asuba da adda, kuma biyu daga cikin abokaina da suka janye sun ce za su zo. Mai gari kuwa, Malama, gaskiya ba mu sanar da shi ba, amma dattijon ya ce zai raka mu. Baba na Argungu, su 26 ɗin da suka rayu, mu ci gaba da ba su ruwa har damina ta sauka, ko mu fara rage musu tun yanzu?